Takardar da Jan Biro Ta Ƙi Sa wa Hannu

Shekara ashirin da uku Jan Biro ta yi tana duba takardun jarrabawar auna fahimta. Sunan daga bakin ɗalibanta ya fito, ya bi ta har gida, har mijinta ma da shi yake kiranta idan ta tsare shi da tambaya. Duk shekara takan ɗauki ɗan matashin kujera da take zama a kai, wanda rigarsa ta koɗe, ta nufi zauren da ake tara masu duba takardu. A kujerar bakin taga take ɗora shi, don idonta ba ya shiri da fitilar tsakiyar ɗaki. Tun da ta bar aji, kujerar nan ce kaɗai ta rage mata a malanta.

Ba ta da farin jini a teburin da take dubawa. Kafin ta taɓa takarda ko ɗaya, sai ta karanta labarin jarrabawar sau biyu, leɓenta na motsi. Sauran kuwa kalmar da ke cikin takardar amsoshi suke haddacewa, su bi da ido. In sun gan ta su ba da maki, in ba su gan ta ba su ja layi. Kafin ta gama damin takardu ɗaya sun gama uku. Suna ce mata kunkuru a bayan ido, ita kuma tana ce musu masu tsintar tsakuwa, a gaban ido.

Bana aka ba teburin sabon shugaba, wanda ake kira Agogo saboda ba ya iya magana sai ya leƙa tsintsiyar hannunsa. Tsohon ɗalibinta ne. Bai manta da ranar da ta tsayar da shi a gaban aji ya maimaita sakin layi ɗaya sau biyar ba, ita ma ba ta yi kamar ta manta ba. Ranar farko ya karanta musu doka yana kallonta: zai riƙa zaro takardu daga kowane dami, in ya gyara makin mutum sai mutumin ya sa hannu a ƙasa. Wanda ya ƙi, za a kai takardar sama wurin babban mai jarrabawa, shi kuma ya tafi gida, ba a sake kiransa.

Sau biyu ya gyara mata, sau biyu ta sa hannu. A gida ta huce kan tukwane, har surukarta ta kwashe yara ta shige ɗaki. Mijin ya ce ta yi haƙuri, yaron yanzu ne. Ta ce yaron yanzu mai furfura a gemu?

Labarin bana na wani gida ne da aka kwantar da uwarsa a asibiti. Tambaya ta huɗu ta ce, me marubucin yake nufi da "gidan ya yi sanyi"? Takardar amsoshi ta ce amsar ita ce "shiru". Ranar Laraba ta ci karo da wata takarda mai rubutu kamar tafiyar tururuwa, ba suna sai lamba. Mai ita ya rubuta cewa tun da uwar ta tafi ba mai kunna rediyo, yaran ma a bakin ƙofa suke cin abinci, ba wanda yake son zama ciki. Duk abin da ya faɗa yana cikin labarin. Ta ba shi maki cikakke.

Bayan hutun rana Agogo ya zo da takardar, ya dangwarar a gabanta, ya riga ya soke makin.

"Malama, nuna mini kalmar shiru a nan."

"Gidan da ba a kunna rediyo, ɗan nan, biki ake yi a cikinsa?"

Ya ce shi ba tatsuniya ya zo saurara ba, akwai dami ɗari biyu a ƙasa, kuma ita ce take ja wa tebur baya. Wata daga gefe ta ce a sa hannu mana a huta, Goggo, mutane na da yara a gida.

Jan Biro ta miƙa hannu ta zaro kwafin labarin daga aljihun fayil ɗinsa. Yana nan a manne kamar yadda aka raba shi ranar farko, ko kusurwa bai lanƙwasa ba. Ta ɗaga shi kowa ya gani.

"Har yau ba ka karantawa sai an tsayar da kai."

Ba wanda ya yi dariya, don rabin teburin nasu ma a manne yake. Agogo ya tura mata biro. Ta dubi takardar, ta dubi tagar, ta ture biron da bayan hannu.

Ba ta tashi ba sai da ya ɗauko ambulan na kaiwa sama, ya sa takardar a ciki. Ta sa shi ya karanta lambar da ƙarfi, ta gwada da wadda ta rubuta a tafin hannunta, ya liƙe. Sannan ta ɗauki matashinta ta rungume. Kafin ta kai ƙofa, waccan da ta kira ta Goggo har ta ja nata damin zuwa kujerar bakin taga.