Kwalabe Uku na Inna Baturiya

Shekara talatin da ɗaya Inna Baturiya ta yi tana sheƙar masara a Burumburum. A yini takan sheƙe buhu shida, na ƙirga da kaina. Ita ce mahaifiyar matata Halima, ni kuwa ma'aikaci ne a ɗakin shan magani na garin.

A daminar 1991 tari ya kama ta. Tana ce wa mutane ƙaiƙayi ne kawai. Ni daga zaure nake jiyo ta, don ba ta yarda mu haɗa ido, kuma ran nan na ƙirga tari arba'in da biyu kafin in gama gaisuwa.

Lokacin akwai ɗakin gwaji a Kano inda ake shuka kakin majinyaci a kwalba, a jira mako takwas a ga ko ƙwayar tarin fuka za ta tsiro. Na ba Halima kwalabe uku ta kai mata. Kwana uku suka dawo a ƙulle cikin tsumma, na hau babur na kai da kaina.

Mako takwas suka cika, aka ce babu abin da ya tsiro. Na dawo ina ta murna, har na sayo mata maganin tari na ruwa.

Bayan kwana goma sha tara ta yi tarin jini a bakin turmi. Ƙanwarta Saudatu ta tare ni a zaure.

"Malam, ni fa na tofa a kwalaben nan."

"Ke, Gwaggo? Duka ukun?"

"Duka. To kai ma, ina ka taɓa jin suruki ya ɗauki kakin surukarsa a aljihu? Cewa ta yi gara ta mutu."

Sai na ji Inna daga bayan zana, muryarta a shaƙe: "Ki ce wa yaron nan ya yi haƙuri."

Laifina ne: na san adadin kwalabe da makonni, amma ban tsaya na tuna wa zan karɓa daga hannunta ba.

Washegari na roƙi ungozomarmu ta je ta zauna da ita har ta tofa, wani abokin aikina ya kai Kano, ni ko taɓa kwalbar ban yi ba. Wannan karon tun a madubin gwaji aka ga ƙwayar, aka fara mata allura.

An ce allura sittin za a yi mata. Ta samu goma sha huɗu. Allah ya jiƙanta.