Jikin Zoɓorodo

Tun da matata ta rasu nake neman ɗanɗanon zoɓorodonta, har yau ban same shi ba. Na sha na Maradi, na sha na Yamai, duk sukari ne da ƙamshin kanti, kamar an narka alewa. 'Yarmu ma ta gwada. Na yaba mata dai don kada ranta ya ɓaci.

A Mayahi muke shekarar babban fari, sojoji na mulki, ni ina koyarwa a lakwal, makarantar boko, kowa na kirana Mushe, wato malam. Hatsi ya ƙone tun bai fid da kai ba. Abinci sai jar dawar taimako, ita ma sai ka bi layi soja na tsaye kanka. Abin da ya ƙi mutuwa a gonarmu shi ne yakuwar da matata ta shuka a kan iyaka. Ta tsinke, ta shanya a inuwa, ta riƙa jiƙawa a randa ya kwana. Ba ta tafasawa, wai wuta na kashe masa rai. Sukari kuwa ina muka gan shi? Tsami ne ke fara gaishe ka, sai ɗan bauri ya kama harshe, daga baya ka ji ƙamshin randar. Bai yi tsararo ba, bai yi kauri ba.

Wani Nasara mai aikin haƙa rijiyoyi, wanda nake yi wa tafinta, ya biyo ni gida wata rana da zafi. Ta miƙo masa a ƙwarya. Ya kurɓa, ya juya a baki kamar mai kurkura, ya rufe ido. Ya ce ya tuna masa jar giyar inabin da mahaifinsa ke yi a ƙauyensu, wadda ba a zuba mata maganin komai. Su a can, in ji shi, sai su ce abin sha yana da jiki, kuma wannan jikinsa matsakaici ne, irin wanda ake so.

Ta tambaye ni mi ya ce. Na ji nauyin ambaton giya a gabanta, sai na tsallake, na ce ya ce jikin ya yi daidai, ba ƙiba ba rama.

Ta ja mayafi, ta fizge ƙwaryar daga hannunsa.

"Hwaɗa mishi ni matar aure ce, kai kuma Allah ya shirye ka."

Kwana biyu ba ta yi mini magana ba. Da na warware mata, ta yi dariya har da riƙe ciki. Daga nan kalmar ta zauna a gidanmu. Ko kunu ta dama, sai ta ce in duba mata jikinsa.

Da ciwon ajalinta ya zo, ta rame har zobe na zamewa daga yatsarta. Wata safiya ta ce tana marmarin zoɓorodo. Ni na jiƙa da kaina, kuma don gaggawa ban bar shi ya kwana ba. Ta kurɓa, ta juya a baki kamar yadda Nasaran nan ya yi, ta rufe ido.

"Mushe, wannan ba shi da jiki. Mun zama ɗaya ke nan."

Na yi dariya, don ita take jira. Sannan na ɗauki ƙwaryar na fita, na tsaya bayan rumbu har idona ya bushe.