Mai Amsa Gaisuwar Wahabu

A shekarar 1983 na fara sanin Wahabu, a Salaga, shekarar da fari ya cinye gonaki. Ina akawu a gidan waya, shi kuma yana da injin niƙa a bayan tashar lori. Na kai masa masara kwano biyu. Ya kashe injin ɗungurum, ya goge hannu a riga, ya fara gaishe ni. Ya tambayi gida, ya tambayi aiki, ya tambayi iyayena da ke Bawku waɗanda bai taɓa gani ba, har da gajiyar hanyar da na yi wata uku kafin nan. 'Yan mishan da suka koyar da ni sun bar mini ciwon duba agogo, shi ya sa na san minti goma sha ɗaya aka yi. Mata shida suna tsaye da kwanoninsu, babu wadda ta yi ƙorafi. Sun saba.

Da aka mayar da ni Yendi a 1988, na tarar ya riga ni zuwa da injinsa. A can na fara jin yana tari. Garin masara ya mayar da gemunsa fari tun bai kai hamsin ba, hayaƙin gas kuma yana shaƙarsa daga safe zuwa la'asar. Na ce masa ya riƙa ɗaura ƙyalle a hanci.

"Akawu," ya ce, "in rufe baki, da me zan gaida mutane?"

Bayan rikicin 1994 ya kwance injin ya koma Bawku, garin matarsa Damata, inda ni ma na koma da na yi ritaya. Tsakanin gidana da nasa taku ɗari huɗu da ashirin ne. Zuwa 1997 ba ya iya yin ashirin ɗin ma sai ya dafa bango. Likita ya ce huhun ya gaji, kuma ba ya fitar da gurɓatacciyar iska yadda ya kamata.

'Yarsa Asiatu, wadda ke aikin nas a Jamus, ta zo da na'ura a cikin akwati. Girmanta kamar rediyo babba, da tiyo, da abin rufe hanci da baki mai maɗauri. Idan ya ja numfashi sai ta tura masa iska cikin ƙirji. Ta haɗa da batiran lori biyu saboda ɗaukewar wuta. Wahabu ya zagaya ta da ido irin na mai injin, ya tambayi inda ake zuba mai. Da aka ce ba a zubawa, ya ce to bai yarda da ita ba. Abin fuskar kuwa ya sa masa suna takunkumin jaki.

Asiatu ta bar doka kafin ta koma: awa goma sha shida a kowace rana yana cikin takunkumin. Kwana uku na farko leɓunansa suka dawo da launinsu, ciwon kan da yake tashi da shi ya tafi. Daga nan labari ya bazu a zango cewa Wahabu yana kwance da inji a fuska, masu dubiya suka fara zuwa.

Mutumin da ya shekara talatin yana kashe injin niƙa don ya gaida mai kwano biyu, ba zai amsa sallama da ido ba. Duk wanda ya shigo sai ya cire takunkumin, ya tambayi gida da yara da kasuwa, yana yi yana haki, sannan ya yunƙura zai yi rakiya. Ranar wata Juma'a na lissafa baƙi ashirin da uku. Awa biyar kacal ya yi da na'urar a ranar. Washegari Damata ta kasa tayar da shi sai da ta yayyafa masa ruwa.

Ta same ni a zaure. "Malam, ka yi wa abokinka magana. Ni in na ce a hana mutane shiga, a ce na rufe ƙofar miji. In na bar su, gaisuwa za ta kashe shi."

Na shiga na zauna kusa da shi. Na ce, "Mai injin, ka tuna sarakunan Dagomba da muka gani a Yendi? Ka taɓa jin sarki ya amsa wa baƙo da bakinsa?"

Ya ɗaga takunkumin. "Akwai mai yi musu magana."

"To, ka samu. Ni ne."

Ya dube ni daga hula zuwa takalmi. "Kai da gaisuwarka ba ta wuce ta tangaraho? Sannu, lafiya, sai anjima?"

"Mayar da abin nan, ranka ya daɗe."

Ya mayar, kafaɗunsa suna rawar dariya.

Haka na samu aiki bayan ritaya. Ƙarfe tara nake zuwa. In baƙo ya shigo Wahabu ya ɗaga yatsa ɗaya, in ce lafiya lau. Yatsa biyu, in tambayi iyali. Hannu a ƙirji, in yi godiya in raka baƙo har bakin titi. Idan na gajarta sai ya buga tafin hannu a katifa. Wata rana Alhaji Mashud mai fataucin shanu ya zo daga Kulungugu, na gaishe shi na raka shi na dawo, na tarar Wahabu ya cire takunkumi yana jirana.

"Ba ka tambayi ƙafar mahaifiyarsa ba."

"Ban san tana ciwon ƙafa ba."

"Duk Bawku sun sani. Wane irin abu suka koya muku a makarantar nan?"

Sai da na bi Alhaji har tasha na tambayi ƙafar. Amma awannin sun koma goma sha huɗu, wani lokaci goma sha biyar, kuma Wahabu ya fara cin tuwonsa yana neman ƙari.

Wata tara ina wannan aiki, sai matata Hawawu ta rasu bayan zazzaɓin kwana huɗu. Da muka dawo daga maƙabarta na zauna a tabarma a ƙofar gida, mutane suka yi layi. Na buɗe baki in amsa wa na farko, murya ta ƙi fita. Ba ni da ɗa namiji ko ƙane a garin da zai zauna gefena. Ina miƙa hannu kawai ina sunkuyar da kai.

Ban ga lokacin da wani amalanken jaki ya tsaya ba. Na dai ji an sauke mutum a gefena, na ji hakin da na sani. Wahabu bai zo da na'urar ba, domin da ita a fuska ba ya iya magana.

"Amin," ya ce wa na gabanmu. Ya huta. "Mun gode. Yaya mutanen gida?"

Haka ya yi wa kowa, ɗaya bayan ɗaya, yana tsinka kowace jimla biyu. Damata ta leƙo daga cikin gida ta ga leɓunansa sun yi duhu.

"Maigida, ka tashi haka nan."

"Saura uku," ya ce.

Ya amsa wa ukun, har ya tambayi na ƙarshe jikin jikarsa, sannan aka ɗauke shi. Kwana biyar ya yi bai iya zama ba, Asiatu kuma ta aiko da wasiƙa mai shafi huɗu wadda ni aka ba in karanta masa.

Ranar da na koma bakin aikina na zauna a kujerata, na gyara murya zan yi masa godiya. Bai cire takunkumin ba. Ya nuna mini ƙofa da haɓa, wani ya yi sallama, ya ɗaga yatsa biyu.