Kwanon Kawu Isa

A gidanmu na unguwar Longsight, can ƙasar Turawa, wutar jin ɗumi ɗaya ce, ta gas, a falo, kuma Kaka ce mai ita. Bayan magariba takan ja kujera gabanta ta miƙe ƙafafu, mu kuma mu kewaye tiren tuwo a ƙasa. Daga zangon Kumasi ta zo da tatsuniyoyinta. Mu yara muna son su kamar me, amma in ta fara, manya kan dubi juna, don sun san yau akwai wanda za a yanka.

A shekarun da gwamnati ta tsuke bakin aljihu, aka rufe cibiyar matasa inda autan Kaka, Kawu Isa, yake aiki. Mahaifiyarmu ma an rage mata aiki. Kawu ya sha yawo kafin ya samu aikin kai wa baƙi abinci a wani gidan abinci a Birmingham, inda ake sayar da giya. Bai taɓa kai ta baki ba, amma dole ya haddace bayaninta. Wata rana da ya zo hutu, Kaka ta ji shi a kicin yana bita kamar karatun allo: farar giya ce, inabinta kore, yana fita a bakin wani kogi a Faransa, ƙasa mai sanyi da farin dutse, shi ya sa take da ɗan tsami. Ta dace da gasasshen kifi da cukun madarar akuya, ba ta son abinci mai yaji.

Sai da muka sa hannu a tuwo ta gyara murya.

Wai itacen inabi ne ya haifi 'ya'ya biyu. Babban ya haƙura da zafin rana har ya bushe ya zama zabibi, aka kai shi gidan suna ana sa masa albarka. Ƙaramin ya ce shi ba zai iya wahala ba, ya bi Bature. Bature ya tattake shi da ƙafa, ya kulle shi a duhu har ya ruɓe, sannan ya ɗura shi a kwalba. Da ya dawo gida, uwar ta sunsune shi, ta ce ita ba ta haifi wannan ba.

"To ina ya tafi, Kaka?" in ji ƙanwata.

"Wajen kifi mana. An ce da kifi ya dace, da cukun akuya. Miyarmu akwai yaji, ta fi ƙarfinsa."

Muka kwashe da dariya, ba mu san da wa ake ba. Kawu kuwa loma ta tsaya masa a hannu.

"Mma, wallahi ba na sha," ya ce a hankali. "Serving kawai nake yi, in miƙa wa baƙi. Albashin shift ɗin nan ne yake kunna wutar nan."

Kaka ba ta ko dube shi ba. Ta ce da mahaifiyarmu, "Rabi, zuba masa nasa daban. Hannun da ya ɗauki kwalba ba zai shiga tiren jikokina ba."

A kan matakala ya ci, cikin wani tsohon kwanon roba. Bai bar aikin ba, don in ya bari sanyi zai cinye mu. Duk hutu sai ya zo, ya biya kuɗin gas, ya ɗauki kwanonsa. Kaka ta ci gaba da ɗumama ƙafafunta har ta rasu, ba ta taɓa cewa ya dawo tire ba.

Na daɗe ina ɗauka tatsuniyar gargaɗi ce a kan giya. Da na girma na gane cewa Kaka tana son ɗumin, tana kuma son hannunta ya zauna da tsabta, sai ta ɗora wa ɗanta duk dauɗar. Ina ƙaunarta, amma wannan muguntar har yau tana ci mini rai.

Kawu ya bar aikin tuntuni, gemunsa ya yi fari. In ya zo gidana a Withington nakan ajiye tire babba a tsakiya, yarana su matsa su ba shi wuri. Sai ya wanke hannu, ya yi murmushi, ya ce, "'Yata, ba ki da ɗan kwano?"