Baƙar Robar da Baba Ya Zaɓa

Mahaifina ya yi ƙuruciyarsa yana rataye amyoyin kara a itatuwan Garou, sai da ya manyanta ya koma amfani da akwatunan zamani. Ni ce 'yarsa mai sayar da zumar a kasuwar Malanville, shi ya sa duk abin da ya shafi akwatunan nan sai na tsoma baki, ko ba a tambaye ni ba.

Cikin kowane akwati akwai katakai da ake jerawa, muna kiransu kadar. Da can fallen kaki ake manna musu don ƙudan zuma su ɗora saƙa a kai, amma zafin garinmu kan lanƙwasa shi tun a hanya. Wata shekara sai wani mai kanti ya kawo na roba daga Kwatano, iri biyu, rawaya da baƙa. Na ɗauka na juya, na shinshina, na sa farce cikin 'yan ramukan da aka zana a jiki. Abin ya ɗaure min kai. Wa ya zauna ya auna ɗakin ƙudan zuma har ya kwaikwaye shi da roba?

Rawaya na zaɓa, don ta yi kama da kaki. Baƙar kuwa sai ka ce tayar moto, kuma kowa ya san baƙin abu da jan zafi. Baba ya shafa duka biyun, ya kai su dab da fuskarsa, ya ce baƙar yake so. Na tambayi dalili, ya ce haka nan. Babu amsar da ke tunzura ni kamar wannan. Muka yi ta ja-in-ja har mai kantin ya gaji ya raba mana gardama, muka ɗauki rabi-rabi.

Lamarin ba na wasa ba ne. A daminar da ta wuce akwati biyu sun mutu, saboda uwar ƙudan ta ɓata ba a lura ba. Alamar tana da rai ita ce ƙwai a gindin saƙa, fari, siriri, bai kai karyayyar ƙwayar shinkafa ba. Yayana ya riga ya yanke cewa in aka sake rasa ko ɗaya za a ba da sauran, tsoho ya zauna gida ya huta. Na san Baba, zaman gida ne zai kwantar da shi. Ga shi ma cin abincinsa ya soma ba ni tsoro, in na zuba masa shinkafa a farin kwanonsa sai ya bar ta warwatse gefe-gefe.

Muka narka kaki muka shafe robobin, don ƙudan ba sa hawa roba tsura. Na nace aka jera su a akwati ɗaya, rawaya kusa da baƙa, in ga wadda za su fara hawa. Kullum na je gona sai na kara kunne a jikin akwatin, kamar za su faɗa min.

Bayan mako uku muka buɗe da hantsi. Ƙudan sun gina duka biyun, ba ruwansu da gardamarmu. Na taɓa baƙar, ba wani zafi, ashe rana ba ta shiga akwati. Na yi dariyar kaina.

Baba ya zaro kadar mai rawaya, ya miƙo min. "Mi kinka gani, ɗiyata?"

Ya daɗe yana min wannan tambayar, ni kuma na ɗauka gwada ni yake yi. Na ƙura ido na ce akwai ƙwai. Ya gyaɗa kai. Sai ya zaro mai baƙar, ya juya wa rana baya, ya ɗaga ta. Wannan bai miƙo min ba. Ya jima yana dubawa.

"Ga su nan, hwari bisa baƙi," in ji shi. "Uwa na da rai. Wanga ba sai kin hwaɗa mani ba."

Sai a lokacin na dubi idanunsa ta cikin ragar da ke kare fuskarsa daga harbin ƙudan, na ga farar yana ta soma rufe su. Haushin kaina ya kama ni, tausayi ya biyo baya. Ni mai shinshinar roba da kara kunne a akwati, ban taɓa duban idon ubana ba. Na yi masa maganar zuwa likita, ya ce sai an ɗebe zuma. Ban musa ba, karo na farko a rayuwata.

Ranar kasuwa na mayar da ragowar rawayar na karɓo baƙa. Mai kanti ya tsokane ni, wai ashe tayar moto ta yi kasuwa. Na ɗaure kayana na kama hanya.

Da na koma gida na lalubo baƙin akushin marigayiya mahaifiyarmu, na wanke, na zuba wa Baba shinkafa a ciki. Ya cinye tas, bai bar ko ƙwaya ba.