Ranar da Gwaggo Ta Darje Injin Bature

A shekarun da kuɗin fetur ya fara yawa a gida aka turo mijina ƙaro karatun likita a Camberwell, can ƙasar Turawa. Mun sha yawon neman haya. Ana buɗe ƙofa a ga fuskarmu sai a ce ai an kama. Da ƙyar wani tsohon Bature a unguwar Catford ya ba mu ɗakunan sama, da sharaɗi guda: kada a taɓa masa komai a ɗan ɗakin katakon da ke lambunsa.

A ciki akwai wani tsohon inji da ya gada wurin mahaifinsa, ana taka shi kamar keken ɗinki, yana juya katako a fitar da ƙafar kujera. Shekara da shekaru yana neman kamfanin da ya ƙera shi. Abin da ya rage kawai wasu dishi-dishin alamu a jikin koren fenti, har ya samo wani masani da zai zo ranar Asabar ya duba.

Lokacin cikina ya tsufa, Gwaggo, ƙanwar babana, ta zo daga Kano don wankan jego. Mace ce da ba ta iya zama haka kawai. Na faɗa mata sharaɗin, wallahi na faɗa. Ta ce, "Kawaici ne, yarinya. Wa zai ce a share masa ɗaki? Yana kawo mana tuffa, ga baƙo zai yi, a bar abu da dauɗa haka?"

Ranar Juma'a na dawo daga awo na ji ƙaras-ƙaras a lambu. Na leƙa, ga Gwaggo ta sami ɗakin katakon a buɗe, ta ɗaure zani a gaban injin, da tokar murhu da soson ƙarfe. Fentin nan ya tafi, ƙarfe sai ƙyalli kamar tukunyar amarya.

"Gwaggo, kin kashe mu!"

"Kai, ke dai da tsoro. Dubi yadda ya fito."

Mijina yana asibiti wurin karatu, sanyi ya kama, haihuwa yau ko gobe. Ina za mu nufa da jariri? Tsoro na ji, tsoro sosai.

Ba mu ankara ba sai ga tsohon a bakin ƙofa. Fuskarsa ta yi ja. Na fara ba da haƙuri, Turancin ma ya gudu ya bar ni. Ya wuce ni, ya sa tabarau, ya durƙusa da ƙyar, yana bin ƙarfen da yatsa. Ya daɗe a haka.

"Me yake nema?" in ji Gwaggo. Muryarta ta yi ƙasa yanzu.

Na matsa. Inda fentin yake a da, ga haruffa karkatattu da aka buga da ƙusa, ɗigo-ɗigo. Ashe su ne fenti ya cike ya rufe.

"Sunan babana ne," tsohon ya ce, bai ɗago ba. "Da nawa a ƙasa. Shi ya haɗa shi da hannunsa. Bai taɓa gaya mini ba."

Kafaɗunsa suka fara rawa. Gwaggo ta ja hannuna.

"Korarmu zai yi?"

"Kuka yake, Gwaggo."

Ta dube shi, ta dubi tokar da ke hannunta, ita ma ta share ido da gefen mayafi.

Washegari ya hawo sama da kansa, ya miƙa wa Gwaggo makullin ɗakin katakon.