Gonar Sabi'u ta Cikin Waya

Katsina, Laraba

Ƙarfe biyar da rabi na asuba na fito daga gida, da 'yar jakata da waya cike da caji. Maiɗakina ta rako ni har zaure tana cewa ita dai ba ta taɓa ganin magidanci mai 'ya'ya huɗu zai bi hanyar Batsari saboda wasan waya ba. Na ce mata ba don wasa ba ne, don Sabi'u ne. Gaskiyar magana, duka biyun ne.

Sabi'u taubashina ne, ɗan Kawu. Tare muka tashi a ƙauyenmu da ke yamma da Runka, bakin daji. Ni na taho Katsina na buɗe shagon ɗinki, shi ya zauna yana noman gonar gado, har 'yan bindiga suka tashi ƙauyen shekara uku da suka wuce, ya koma Runka. Tun daga lokacin bai sake sa fartanya a gonar ba.

Wata guda ke nan da wani sabon wasa ya fito a waya, irin wanda sai da data ake yi, kana ciki kana cin karo da mutanen ƙasashe. Mu dai Birnin Dodanni muke ce masa. Kowa zai zaɓi abin da zai zama, mayaƙi ko mai sihiri ko maƙeri ko manomi. Sai a haɗa ƙungiya a gina gari da ganuwa, dodanni kuma su riƙa fitowa daga daji suna kawo hari. Ni mayaƙi na ɗauka, da takobin da ya fi ni tsawo, har aka naɗa ni shugaban ƙungiya. Da na jawo Sabi'u ciki, sai bawan Allah ya zaɓi noma. Noman ma ba cikin ganuwa ba, can waje bakin daji, inda ba mai hankalin da zai yi shuka.

Sati biyu muna yi tare, sai aka katse sabis a yankinsu baki ɗaya. Kwana goma sha ɗaya ɗan manominsa yana tsaye a bakin gona bai motsa ba, ni kuma ban ji muryar Sabi'u ba. Da dodanni suka fara cinye shukar, na yi amfani da shugabancina na ɗauke gonar na mayar cikin ganuwa, na ɗauki hotonta. Na ƙudura sai na je na gan shi da idona, in nuna masa na cece masa ita.

Hanyar Batsari

Mota ta cika tun ƙarfe shida da rabi, amma direba ya ce ba inda za shi sai rana ta ɗaga. Na sha koko da ƙosai a bakin tasha. Bakwai da minti arba'in muka tashi, mutum huɗu a baya, naira ɗari bakwai kowa. Tafiyar kamar kilomita hamsin ce, shinge huɗu muka wuce. Daga na biyu sabis ya ɗauke, kowa ya dubi wayarsa ya mayar aljihu.

Ni kuwa na ci gaba da kallon hotunan wasan da na ajiye. Dole in yaba wa masu shi, sun iya zane: ruwa na gudu, ciyawa na kaɗawa, har inuwar gajimare kana gani a ƙasa. Aibinsa cin caji da data kamar gara. Wani dattijo mai goro da ke gefena ya leƙo.

“Yaro, wannan wace ƙasa ce?”

“Wasa ne, Baba. Can kullum damina, gero kwana biyar ya nuna.”

“Ikon Allah. Babu ɓarayi?”

“Akwai dodanni. Kashe mutum suke, amma in ka mutu sai ka sake tashi a bakin rijiyar gari.”

Ya daɗe yana kallon hoton. “To, lallai wasa ne,” in ji shi, ya juya wajen taga. A waje gero ya nuna ya sunkuya, gona ɗaya an girbe, uku ba kowa. Na ji kunyar wayar, na kashe ta.

Tara da kwata muka shiga Batsari.

Runka

A Batsari na yi zaman jira na kusan awa biyu, domin motocin Runka ba sa tafiya ɗai-ɗai, sai sun zama uku su bi juna. A bayan a-kori-kura na hau, bisa buhun gishiri. Direban ya ce mana: “In kun ga na taka, kada wanda ya ce in rage. In hula ta faɗi, ta faɗi ke nan.” Hular wani ta faɗi kuwa, ko waiwaye bai yi ba.

Sha biyu da rabi na isa gidan da Sabi'u ke haya. Ɗakinsa a buɗe, ba komai ciki sai igiyar shanya. Na zauna a dokin ƙofa. Mai gidan, wata tsohuwa da ake kira Inna Rabi, ta fito ta gaishe ni gaisuwa mai tsawo, ni kuwa amsawa kawai nake ban san abin da nake faɗi ba.

“Inna, ina Sabi'u?”

“Kwantar da hankalinka, ɗan nan, shina nan da ransa. Ranar da 'yan bindiga suka shigo unguwar nan ya kwashi iyali suka tahi Safana. Zamna ka sha hura.”

Ban taɓa shan fura mai daɗin wannan ba.

Safana

Babur na hau, hanyar duk rami. Uku saura kwata na sauka, na yi ta tambaya har na same shi a bakin famfo yana ɗora jarkoki a kura. Manomin da ke cika rumbu uku ya koma ga-ruwa. Ya rame, amma bakin nan yana nan.

“A'a! Bawana ne ya biyo ubangidansa?”

“Kai ne bawan. Na zo in ga ko ka mutu in ci gado.”

Muka rungume juna, na ɓoye fuskata a kafaɗarsa don kada ya samu abin yi mini tsiya. Ya kai ni inda suke, wani kango mai ɗaki biyu da suka toshe tagoginsa da buhu. Matarsa ta kawo mana dambu. Bayan la'asar muka shimfiɗa tabarma a inuwar katanga, shi da kansa ya tayar da maganar.

“Ya gonata?”

Abin da nake jira ke nan. Na ciro waya ina washe baki. “Dodanni sun so su cinye ta, na ɗauke maka ita. Ga ta nan cikin ganuwa, kusa da kasuwa, fili murabba'i, ba abin da zai taɓa ta.”

Ya karɓa ya duba, ya buɗe hoton da yatsu biyu, ya sake dubawa.

“Ina iccen?”

“Itace ba ya ɗaukuwa. Shuka kawai wasan ke bari a matsar.”

“Rijiyar fa?”

Ya ce in nuna masa tsohon hoton, na kafin in taɓa. Ya ɗora yatsa a kai.

“Duba da kyau, Nura. Ga babban icce daga gabas. Ga rijiya ƙasa da shi. Ga kwarin da ya ratsa ta yamma, inda nake sa dawa don ya fi riƙe ruwa. Ga gyaɗa a tudu. Kwana biyu na yi ina yawo cikin wasan nan kafin in samu wuri mai wannan fasali. Ba ka gane ba?”

Sai a lokacin na gane. Gonar Kawu ce, wadda ni da shi muka yi ƙuruciyarmu muna korar tsuntsaye a cikinta, muna cin gasasshiyar gyaɗa a gindin kuka. Sati biyu ina wucewa ta gabanta da takobina ina yi masa dariya, ban taɓa tsayawa na dube ta ba.

“Na san dodannin za su ci,” in ji shi. “Su ci mana, in sake shukawa. Can ne kaɗai in aka ci ake komawa.” Ya miƙo mini wayar. “An tashe ni daga ƙauye, an tashe ni daga Runka. Ashe har cikin waya sai an maishe ni ɗan gudun hijira. Kuma kai ne ka yi.”

Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da na fi samun sauƙi. Na ce ya yafe mini. Ya ce ba komai, ya tashi ya tura kurarsa, don akwai gida biyu da ke jiran ruwa kafin magariba. Na zauna ni kaɗai. Ni da ke zaune lafiya a Katsina, wasan ya ba ni yaƙin da ba jini. Shi da ya ga jinin, ƙasa kawai ya je nema.

Komawa, Alhamis

A kangon na kwana. Da safe ya rako ni tasha, muka yi ta maganar tsadar masara kamar ba abin da ya faru. Takwas da rabi motar Dutsinma ta tashi. Har ta fara motsi ya leƙo ta taga.

“Bawana, in za ka maida, dawa ta yamma. Kada ka yi mini shukar teloli.”

Gab da Dutsinma wayoyi suka fara ƙara a aljihuna, sabis ya dawo. Na canza mota, sha biyu saura na shiga Katsina. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa direbobin da ke bin wannan hanya kullum, da Inna Rabi da furarta.

Kafin in cire takalmi na jona waya a caji. Filin yana nan ba wanda ya kama, ga icce, ga rijiya. Na mayar da gonar, dawa ta yamma, gyaɗa a tudu. 'Yan ƙungiya suna ta kirana mu je yaƙin wani dodo mai kai uku, na ce su naɗa wani shugaban. Yanzu mayaƙina yana tsaye a gindin iccen da takobinsa, kusa da ɗan manomin da har yau bai motsa ba. Sau biyu an cinye shukar, sau biyu na sake shukawa. Har yanzu ba a maido musu da sabis ba, amma duk ranar da aka maido, zai tarar da gonarsa inda ya bar ta.